Mai Boxer, Mai Jincheng Da Mai Roba-roba

Duk wanda ya taɓa cin kasuwa a Fagam ya san inda ake ajiye babura. Tun da hantsi za ka tarar an jera su a inuwa, wani da buhu a baya, wani da jarkoki, wani kuma da akuya a ɗaure cikin kwando. Masu su suna gefe, wajen mai faci ko mai shayi, ana hira. In ka zauna ka kasa kunne, ba za ka daɗe ba sai ka ji maganar da ta sa muka ɗauki alƙalami. Saurayi ya iso a kan Boxer, tun bai kashe inji ba sai wani ya ce, “Ku janye ƙafafunku, ga 'yan acaɓa nan.” Dattijo ya iso a kan tsohon Jincheng, hayaƙi na bin sa a baya, sai a ce, “Sannu Baba, yau ma sauro ake kora?” Malamin makaranta ya iso a kan roba-roba, rigarsa fes, sai a ce babur ɗin uwargida ya aro. Shi kuwa mai Vespa, in har an sami ɗaya a kasuwar, sai a tambaye shi ko gado ya ci.

Kowa ya yi dariya, wanda aka yi wa ba'a ma ya rama. Mai Jincheng ya ce ai mai Boxer ba shi da babur, na ubangidansa ne, balas yake kaiwa. Mai Boxer ya ce roba-roba ba babur ba ne, bokiti ne aka sa wa taya. Mai roba-roba ya ce shi dai ba ya ɗaukar kowa sai iyalinsa. Mu ma mun sha yin dariyar, ba za mu ɓoye ba. In da abin ya tsaya nan, da mun ce wasa ne irin na Fulani da Barebari, ko na Kanawa da Zagezagi, wanda ba ya ɓata zumunci, sai ma ya ƙara shi. Amma mun lura abin ya wuce wasa. Ya shiga taron ƙungiyoyinmu, ya shiga littafin bashi, har ya kai ga shingen da ake tare mutane a hanya. Shi ya sa muke so mu yi maganarsa da ku, 'yan'uwa manoma, tun ba a sake raba rance ba.

Ga abin da ya faru a wata ƙungiya ta wani ƙauye kusa da Fagam. Ba za mu faɗi sunanta ba, gama abin da ta yi yana iya faruwa a kowace. Wani saurayi ne, ɗan ƙungiya, shekara uku yana noman riɗi, bai taɓa fashin biyan kuɗin wata ba. Da ya sayar da riɗinsa sai ya zo taro ya roƙa a cika masa ya sayi Boxer, domin ya riƙa kai taki gona, ya kai amfani kasuwar Sara da ta Gwaram, da rani kuma ya ɗauki injin ban ruwa zuwa fadama. Ma'aji, dattijo mai kaffa-kaffa da dukiyar jama'a, ya dube shi ya ce, “Ɗana, wanda ya hau Boxer ya yi sallama da fartanya. Bana acaɓa a Gwaram, baɗi sai mu ji ka a Ikko.” Saurayin ya sunkuyar da kai ya ce, “Baba, noma zan yi da shi.” Aka yi shiru, aka wuce zuwa magana ta gaba. A wannan zama ɗin aka amince wa wani mutum rancen sayen roba-roba, ba wanda ya yi masa tambaya ko ɗaya, wai wannan babur ne na masu natsuwa. Ba wanda ya buɗe littafi ya duba yadda kowannensu ya biya bashin takin bara. Sunan da ke rubuce a jikin babur shi ya yanke hukunci.

Ina aka samo waɗannan ra'ayoyi? Ba daga sama suka faɗo ba. Manyanmu za su tuna lokacin da duk wannan yanki yake cikin Jihar Kano, kafin a yanke Jigawa a 1991. A wancan zamani babur abin ma'aikaci ne. A 1975, da gwamnati ta biya ƙarin albashin nan da ake kira Udoji, tare da ariyas, malaman makaranta da akawuna suka yi ta sayen Honda da Yamaha da Suzuki, duka ƙirar Japan. 'Yan kasuwa da teloli kuwa suka fi son Vespa, ƙirar Italiya, domin mai babbar riga yana iya zama a kanta ya haɗa ƙafafu, rigarsa ba ta taɓa sarƙa ba. Malamin gona a kan babur yakan shigo ƙauye, haka ma malamin asibiti da mai duba makarantu. Saboda haka yaro ya tashi da sanin cewa ƙarar Honda ƙarar ilmi ce da albashi. Kasuwar ta yi kyau har kamfanin Honda ya kafa masana'anta a Ota, cikin Jihar Ogun, a 1979.

Daga 1986 al'amura suka juya. Gwamnatin soja ta shigo da shirin gyaran tattalin arziki da ake kira SAP, darajar naira ta faɗi, sabon babur ɗan Japan ya fi ƙarfin malamin firamare, balle manomi. Masana'antun Kano suka yi ta rage ma'aikata, wanda yake da tsohon babur ya fara ɗaukar mutane da shi don ya sami na cefane. Haka sana'ar acaɓa ta yaɗu. Daga baya baburan ƙasar Sin suka shigo da araha, Jincheng a kan gaba, sa'an nan Lifan da sauransu. Wannan ne sabon babur na farko da manomi ya iya saye da kuɗin gyaɗa ko na bijimi, mu kuwa ba mu manta alherinsa ba. Marasa lafiya nawa aka kai asibitin Birnin Kudu a bayan Jincheng cikin dare? Amma masu tsohon Honda suka raina shi, suka ce fenti ne kawai, ba ƙarko. Can kuma sai ga na Indiya, watau Boxer na kamfanin Bajaj, da TVS. 'Yan acaɓa suka gwada Boxer suka ga ba ya shan mai da yawa, mazauninsa dogo ne, yana jure kaya da ramuka, sai galibinsu suka koma kansa. A watan Janairu 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano Ado Bayero, gwamnatin Kano ta hana acaɓa a birni, samari da yawa suka kwaso baburansu suka koma garuruwansu. To, kun ga yadda sana'a ta shafa wa babur suna. Abin da ya sa ɗan acaɓa ya zaɓi Boxer, watau ƙarfi da tattalin mai, shi ne daidai abin da manomi yake bukata, amma sai ga shi ya zama abin gori.

Abin dariya kuwa shi ne, waɗannan babura da masu su suke yi wa juna gori a kansu 'yan gida ɗaya ne. Jincheng ɗin nan mai hayaƙi, wanda aka rubuta wa AX100 a gefe, tsarin Suzuki AX100 ne na Japan, kamfanin da yake ƙera shi a birnin Nanjin ya yi haɗin gwiwa da Suzuki. TVS ma da Suzuki ya yi tarayya har zuwa 2001. Kamfanin Hero ya shekara fiye da ashirin da biyar yana aiki tare da Honda, tun daga 1984. Shi kuma Bajaj, tun wajen 1960 Vespa yake ƙerawa a Indiya da izinin masu ita na Italiya, daga baya ya koyi ƙirar babur wurin Kawasaki na Japan, har ma Boxer na farko ya fito da sunan Kawasaki Bajaj a jikinsa. Ashe mai Vespa da yake yi wa Boxer kallon banza jikan gidansu yake zagi. Roba-roba kuwa, wanda ake cewa bokiti ne, ya fi su duka asali. Tsarinsa na Honda Super Cub ne, wanda ya fito a 1958, kuma kafin ƙarshen 2017 an ƙera miliyan 100 daga cikinsa. Ba wani abin hawa mai inji da aka ƙera da yawa haka a duniya.

Ba mu ce babu gaskiya ko kaɗan a cikin ba'ar ba. Akwai bambanci, amma a jikin ƙarfe yake, ya kuwa kamata kowane ɗan kwamiti ya san shi. Hayaƙin AX100 ba alamar tsufa ba ne kawai. Injinsa irin wanda yake ƙona man inji tare da fetur ne, shi ya sa yake da ƙaramin tanki daban na man da makanikai suke kira 2T. Irin wannan inji yana da zafin tashi da sauƙin gyara, ba shi da bawul, bakanike na ƙauye yana iya kwance shi da safe ya ɗaura kafin azahar. Sai dai ya fi shan fetur a kan irin injin Boxer da Honda na yanzu, waɗanda baƙin mansu yake zaune a ciki ba ya ƙonewa. Lokacin da fetur yake da araha ba wanda ya damu. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu 2023, wannan bambanci ya zama na kuɗin miya, mun kuwa ga tsofaffin Jincheng da dama sun koma jingine a zaure. Vespa tayoyinta ƙanana ne, a kan kwalta sarauniya ce, amma ku sa ta a yashin hanyar gona ku ga yadda za ta yi ta rawa. Roba-roba ba shi da kulocin hannu, yana da sauƙin koyo, kurɓar mai yake yi, robar gabansa tana kāre ƙafa daga taɓo. Amma gajere ne, a hanyoyin da suka ratsa duwatsun Fagam cikinsa yakan bugi dutse, robarsa ta tsage, ba shi kuma da wurin kirki na ɗaura buhu. Boxer yana ɗaukar kaya, gaskiya ne, amma birkinsa ba a yi shi don buhu uku da mutum biyu a gangare ba. Duk wannan magana ce ta taya da inji da birki. Ba mu ga inda ta faɗi ko mai babur yana biyan bashi ba.

Bari mu ɗan ratse. An ce roba-roba na mata ne. Mata nawa kuka taɓa gani suna tuƙa shi tsakanin Fagam da Gwaram? A Maraɗi da Damagaram mace takan hau babur ɗinta ta tafi aiki ko kasuwa, ba mai waiwaye. A nan kuwa mun ba mata sunan babur, ba mu ba su babur ɗin ba, ƙungiyoyinsu suna ta biyan kuɗin acaɓa don kai gyaɗa wurin niƙa. Iyakar abin da wannan ba'a ta haifar shi ne, mutumin da ba ya ɗaukar komai sai jakar takardu yakan ji kunyar sayen ƙaramin babur mai tattalin mai, ya je ya ciwo bashin babba don kada a yi masa dariya a wajen mai shayi.

Su ma masu babura sai mu faɗa musu tasu. Akwai mai Boxer da yake jera mutum huɗu ranar kasuwa, ya ratsa tsakiyar jama'a da gudu yana danna ham kamar hanyar ta gidansu ce. Akwai yaro mai roba-roba da yake wasa da babur ranar ɗaurin aure, ya saki hannu, ya kwanta a kai, har ya kwashe ƙafar wata tsohuwa. Akwai mai sabon Honda da tun ranar da ya saya ya daina gaida masu keke, alhali bara a kan keken yake. Waɗannan halaye na nan, ba mu musa ba, wake ɗaya kuwa shi ke ɓata gari. Amma ku duba da kyau, za ku ga mai gaggawa ko a kan jaki ka ɗora shi zai yi gaggawa. Wanda ya taɓa jinyar mai karaya a asibitin Birnin Kudu ya san ba a keɓe gado don masu Boxer ba, kowane iri yana kawo nasa.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗi ba. In mai ya ƙare maka da magariba tsakanin Gwaram da Basirka, wa yake tsayawa? Sau da yawa wannan ɗan acaɓan da ka yi wa gori da safe ne zai sa ƙafa a bayan babur ɗinka ya tura ka har wurin mai sayar da mai, ya ƙi karɓar ko sisi. Suna da ƙungiya, suna da shugaba, suna karo-karo in ɗayansu ya yi hatsari ko aka sace masa babur. Mutumin da yake kai balas kowane mako ba fashi, ko ya samu ko bai samu ba, ya san biyan bashi fiye da waɗansu da suke zaune a kujerun gaba a taronmu.

Tsoron da ma'ajin nan ya bayyana, ba mu raina shi ba. Ƙauyukanmu sun yi asarar samari da yawa, sun tafi Ikko da Abuja da baburansu, gonakin iyayensu sun koma saura. Amma ku tuna abin da yake samunsu a can. A ƙarshen watan Agusta 2019 jami'an gwamnatin Jihar Ikko suka tare wata babbar mota ɗauke da mutum 123 daga Jigawa tare da babura 48. Aka tsare su, aka yi ta yaɗa hotunansu kamar an kama 'yan ta'adda. Da aka bincika ba a same su da wani abin laifi ba, sai aka sake su. Neman abinci suka tafi. Bayan haka a 2020 da 2022 gwamnatin jihar ta hana acaɓa a manyan unguwanni, aka ƙwace babura masu yawa aka murƙushe. Lokacin da labarin mutum 123 ɗin nan ya iso, ranmu ya ɓaci ƙwarai, muka ce an dubi tufafinsu da baburansu an yanke musu hukunci ba tare da an san su ba. To, me ya bambanta wannan da abin da aka yi wa saurayin nan a taron ƙungiya? Can baƙi ne suka yi, nan kuwa waɗanda suka san ranar sunansa ne.

Akwai wanda ya fi wannan muni. Tun da 'yan bindiga suka addabi Zamfara da Katsina da sassan Kaduna da Neja, suna shiga ƙauyuka a kan babura, zargi ya faɗa kan waɗansu ire-iren babur. Har an laƙaba wa wani samfurin Honda suna “Boko Haram”. Ku ji fa, Honda, babur ɗin malamai na dā! A watan Nuwamba 2021 gwamnatin Jihar Neja ta hana sayar da waɗansu babura, ta ambaci Boxer da Honda ACE da Jincheng a cikin sanarwarta. Gwamnati tana da dalilinta, ba mu ce kada a yi tsaro ba. Amma labarin ya iso nan ta rediyo da waya, ya sami wurin zama a zukatan mutane. Yanzu baƙo ya ratso ƙauye a kan irin wannan babur, musamman in Bafulatani ne da rawani da sanda, sai ka ga an fara raɗe-raɗi, matasan sintiri sun miƙe. Alhali shi ma abin da ya sa ya sayi babur ɗin shi ne abin da ya sa ku kuka saya: rugarsa tana da nisa, hanya yashi ce, yana da nono da hatsi da zai ɗauka. Wannan yanki namu ya riga ya san zafin rikicin manoma da makiyaya, ba ya bukatar a ƙara masa wuta da sunan babur. Muna roƙon 'yan ƙungiyarmu da suke cikin sintiri, in za a tsai da mutum a tsai da kowa, a tambayi takarda, a tambayi wanda ya san shi, a yi da ladabi. Kama da wane ba wane ba ne, kuma ɓarawo in ya san irin babur ɗin da ake zargi, ai wani iri zai hau.

To, yaya kwamiti zai yi in an zo neman rancen babur? Mu a ganinmu tambaya iri biyu ce, kada a gauraya su. Ta farko a kan mutum take, amsarta kuwa tana cikin littafin ƙungiya da bakin maƙwabta. Ya biya bashin taki a kan lokaci? Yana zuwa aikin gayya? Gonar da yake nomawa tasa ce ko aro? Wa zai tsaya masa? In ana tsoron zai bar gona, sai a rubuta a yarjejeniya cewa da damina babur na aikin gona ne, takardunsa kuma su zauna a hannun ma'aji har a gama biya. In da rani ya ɗauki fasinja zuwa Sara ko Birnin Kudu ya sami na biyan bashi, ina laifi? Ai gara ya yi acaɓa a gida ya kwana a ɗakinsa, da ya tafi cin rani inda za a ƙwace babur ɗin.

Tambaya ta biyu a kan babur take, ita kuwa bakanike ya kamata a kira ya amsa, ba 'yan hira ba. Me za a riƙa ɗauka da shi, a wace hanya? Lita ɗaya tana kai shi ina? In sarƙa ta tsinke ko fulogi ya mutu ranar da tumatir yake cikin kwando, ana samun kayan gyaransa a Gwaram, ko sai an aika Kano? Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce ta fi kowace nauyi. Babur mai suna wanda ba a samun kayansa kusa, kwana uku a jingine ya isa ya ruɓar da amfanin fadama. Abin da ya sa Boxer ya mamaye ƙauyuka ke nan, kusan kowane mai shago yana da kayansa, kusan kowane yaron bakanike ya iya shi. Wanda aikinsa zirga-zirga ne a kan kwalta da jaka ɗaya, roba-roba ya fi masa. Wanda yake da tsohon Jincheng mai lafiya, kuma tafiyarsa ba ta da yawa, ba dole ya ci bashi don a daina kiransa mai korar sauro ba.

Sa'an nan a tuna, yawancin baburan da suke mutuwa a hannunmu ba sunansu ne yake kashe su ba, rashin kulawa ne. Tun a shekarun 1970 injiniyoyin Honda suka zagaya ƙasashe masu tasowa suka tarar mutane suna hawan babur har baƙin mai ya koma kamar kwalta ba a canja ba, ba kuma a wanke matatar iska. Saboda haka suka fito da CG125 a 1975, inji mai jure wulakanci, wanda kamfanonin Sin da yawa suka kwaikwaya daga baya. Shekara hamsin ke nan, har yanzu halin bai sake ba. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska, in ba a wanke ta ba inji zai sha mai, in kuwa aka cire ta aka yar, kamar yadda waɗansu suke yi, yashi zai shiga ya cinye fistin. Baƙin man da ake aunawa a kwalba a bakin hanya, wanda ba a san asalinsa ba, ya buga injuna fiye da duk duwatsun Fagam. In inji ya buga sai mai shi ya ce, “Ai dama ɗan Sin ne,” ko “Ai dama ɗan Indiya ne,” shi kuwa rabonsa da juye tun kafin girbi. Kowane sabon babur yana zuwa da ɗan littafi mai faɗin lokacin canjin mai. A ba wani mai karatu a ƙungiya ya karanta wa jama'a.

Kada kuma a manta da rasit da lamba. A rubuta lambar inji da ta jikin babur a littafin ƙungiya, musamman in na hannu aka saya, domin ita ce shaidarka a shinge, ita ce kuma abin nema in an sace. Hular kwano ma haka. A 2009, da hukumar kiyaye haɗurra ta matsa a kan dokar hula, waɗansu a Kano ƙwarya suka kifa a ka don su wuce jami'ai. An yi dariya, amma kwalta ba ta san wasa ba.

Mun bar labarin saurayin nan a tsakiya. Da ƙungiya ta hana shi, bai haƙura ba. Ya tafi Birnin Kudu wurin wani ɗan kasuwa, ya ba da kuɗin riɗinsa kafin alƙalami, aka ba shi Boxer a kan zai riƙa kai balas kowane mako, jimlar abin da zai biya kuwa ta ɗara farashin babur ɗin nesa ba kusa ba. Bashin ƙungiya da kaka ake biya, in amfani ya shigo. Balas bai san kaka ba, bai san damina ba. Don ya cika kuɗin mako dole ya fita acaɓa kullum, har a tsakiyar noman fari. Ciyawa ta cinye rabin riɗinsa. Da aka ga haka sai waɗansu suka ce, “Kun gani? Ai Baba ya faɗa.” Shi kuma wanda aka ba rancen roba-roba, mutumin kirki ne, yana biyan bashinsa daidai, amma babur ɗin bai iya kai masa taki gona ba, sai ya ɗauki hayar wannan saurayin ya kai masa. Da kakar da ta wuce ma shi ƙungiyar ta biya ya kwashe mata buhunan riɗi zuwa bakin titi.

Yanzu ƙanensa ya kawo tasa takardar neman rance, shi ma Boxer yake so. Za a duba ta a taron bayan girbi. Mun roƙi magatakarda ya zo da littafin bashin taki, mun kuma roƙi a gayyato bakanike.